Yadda Ake Zana Tashin Almasihu: Amsa Ga Wani Mai Zane a Maradi

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai zanen allunan shaguna a nan Maradi. Dattawan majami'arsu sun ba shi bangon bayan mumbari, suna so ya zana tashin Yesu Almasihu daga matattu kafin Idin Ista. Ya ce duk abin da ya gwada a takarda sai ya fito masa da wani mutum mai farar riga tsaye a bakin ƙofa, babu abin da ke motsa zuciya. Ga kuma wani dattijo a cikinsu da ya ce zana Almasihu ma bai halatta ba. Yana son sanin yadda ake zana tashin, da irin fuskar da za a ba Yesu, da kuma ko dattijon yana da gaskiya.

Ɗana, kafin ka sake taɓa fensir, ka zauna ka karanta Matiyu 28 da Markus 16 da Luka 24 da Yahaya 20 a zama ɗaya, da idon mai zane, kana neman abin da za a iya ja wa layi a shafa wa launi. Za ka tarar da dutse a gefe, da matan da suka yi sammako da kayan ƙanshi, da mala'ika, da masu gadin da tsoro ya kayar, da likkafani a ajiye, da mayafin kai a naɗe waje ɗaya shi kaɗai. Abin da ba za ka tarar ba shi ne lokacin tashin kansa. Babu marubucin da ya ce ya ga ido ya buɗe ko ƙafa ta taka ƙasa. Ko a Matiyu, inda mala'ikan ya mirgine dutsen, ba a ce Yesu ya fito a wannan lokacin ba. Mala'ikan cewa ya yi ba ya nan, ya tashi, ku zo ku ga inda ya kwanta. Domin shaidu su shiga aka buɗe kabarin. To, abin da kake ƙoƙarin zanawa ke nan, abin da Linjila da kanta ta yi shiru a kai, shi ya sa hannunka ya tsaya. Hannun masu zane da yawa ya tsaya a daidai nan kafin naka.

Kiristocin farko sun bi ta gefe. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma, a ƙarni na 3 da na 4, idan suna so su ce matattu za su tashi sai su zana Annabi Yunusa yana fitowa daga bakin kifi, domin Yesu da kansa ya ba da wannan alama a Matiyu 12:40, ko su zana Li'azaru a naɗe a bakin kabarinsa. A Dura-Europos, bakin kogin Furat a ƙasar Siriya, akwai gidan da aka mayar wurin ibada wajen shekara ta 240. A bangon ɗakin baftisma an zana mata suna tafiya da fitilu, masana da yawa na ganin matan da suka je kabarin ne, wasu kuma sun ce budurwoyin nan masu hikima ne na misalin Yesu. Akwai wani akwatin gawa na dutse a gidan tarihin Vatikan, na wajen shekara ta 350: a tsakiyarsa gicciye ne ba kowa a kai, a samansa haruffa biyu na farkon sunan Almasihu cikin rawanin ganye irin na masu nasara, a ƙasa sojoji biyu a zaune. Shi ke nan, kuma duk wanda ya gani a lokacin ya gane. A Linjilar Rabbula, wadda aka rubuta da Suryanci a shekara ta 586, ƙofar kabarin a buɗe take, haske na fitowa yana kayar da masu gadi, amma ba a nuna mai fitowar a bakin ƙofar ba. Hoton Yesu yana ɗaga ƙafa daga kabari, wanda mu muka ɗauka shi ne na asali, bai yaɗu a Turai ba sai wajen ƙarni na 12 da na 13.

Ikilisiyoyin Gabas wata hanya suka ɗauka, kuma ina so ka nemi hotonta a wayarka ka dube shi da kyau. A tsohuwar majami'ar Kora da ke Istambul, wadda Turkawa ke kira Kariye, an yi zanen wajen 1315 zuwa 1321. Almasihu yana tsakiya cikin fararen kaya, ƙafafunsa a buɗe irin na mai jan abu mai nauyi. A ƙarƙashinsa ƙyauren lahira ne a karye, makullai da ƙusoshi da sarƙoƙi a warwatse cikin duhu, Shaiɗan a ɗaure. Da hannu ɗaya yana fizgo Adamu daga kabarinsa, da ɗayan Hawwa'u. Dubi inda ya riƙe su: a wuyan hannu, kamar yadda ake ciro yaron da ya faɗa rijiya, wanda ba shi da ƙarfin da zai riƙe ka, kai ne za ka riƙe shi. Tafin hannuwansu a sake yake. Mai zanen bai nemi ya nuna abin da ya faru da asubar Lahadi a lambun Urushalima ba. Abin da tashin ya yi wa ɗan Adam ya nuna, ya kuma zuba dukan koyarwar alheri a cikin wannan riƙon. Ni a ganina ba a yi zanen tashi da ya fi wannan cika ba.

Waɗanda suka yi ƙarfin halin nuna shi yana fitowa, biyu ne suka cancanci ka tsaya a kansu. Piero della Francesca, a garinsu Sansepolcro na Italiya, cikin shekarun 1460, ya tsayar da shi cik, ƙafa ɗaya a kan bakin kabari, tuta a hannu, idanu suna kallonka kai tsaye, sojoji huɗu suna barci a ƙasa. A bayansa itatuwan gefe ɗaya babu ganye, na ɗaya gefen sun yi kore. Ya bar ƙasa ta faɗi abin da fuska ba za ta iya ɗauka ba. Na biyun shi ne Matthias Grünewald, wanda ya yi allon bagaden Isenheim tsakanin 1512 da 1516, yanzu yana Colmar a Faransa. Asibitin 'yan zuhudu aka yi wa shi, inda ake jinyar masu cututtukan fata da masu wani ciwo da ke zuwa daga cin hatsin da fumfuna ta kama, ciwon da ke ruɓar da yatsu da gaɓoɓi. A fuskar allon ta waje ya zana jikin Almasihu a kan gicciye cike da miki, yatsu a murɗe, fata ta koma kore-kore, yadda marar lafiya zai ga jikinsa a jikin Ubangijinsa. Idan aka buɗe allon sai ga shi ya tashi cikin daren taurari, fuskarsa na narkewa cikin haske ruwan ɗorawa, likkafanin na binsa yana sauya launi daga fari zuwa shuɗi zuwa ja. Fatar ta warke sumul. Amma ya ɗaga tafukan hannuwansa biyu yana nuna wuraren ƙusa. Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin Danja ya gaisa da dattijon da kuturta ta cinye wa yatsu zai gane abin da ya sa Grünewald bai goge waɗannan tabon ba. Idan ka zana wanda ya tashi babu tabo, ka zana wani ne dabam, ba wanda aka gicciye ba, kuma ka cire abin da ya sa almajirinsa Toma ya ba da gaskiya.

Akwai wata wahala kuma da Linjila ta ɗora wa mai zane. Wanda ya tashi shi ne, amma ba a gane shi nan take. Maryamu Magadaliya ta ɗauka mai aikin lambu ne. Almajirai biyun da ke hanyar Imuwasu sun yi tafiya da shi suna hira ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa, suna gane shi kuwa ya ɓace musu. Yana cin kifi, ana taɓa shi, yana kuma shiga ɗaki ƙofa a kulle. Yaya za ka zana jikin da yake jiki sosai amma ƙofa ba ta tare shi? Ka ƙara haske ya zama fatalwa, ka rage ya zama maƙwabcinka, wato mutumin nan mai farar riga da ya fito maka a takarda. Fra Angelico, a gidan 'yan zuhudu na San Marco a Florence wajen 1440, ya saɓa masa fartanya a kafaɗa domin mu ga abin da Maryamu ta gani. Rembrandt a 1638 ya sa masa malafa da shebur. Caravaggio wajen 1601 ya nuna yatsan Toma a cikin raunin haƙarƙari, goshinsa a yamutse, kafaɗar rigarsa a yage, har mai kallo ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

Wanda nake so ka fi riƙewa shi ne Eugène Burnand, ɗan ƙasar Suwizalan, a 1898. Zanen yana gidan tarihin Orsay a Paris. Babu kabari a ciki, babu mala'ika, babu Yesu. Bitrus da Yahaya ne kawai suna gudu da asuba, iska na kaɗa gashinsu. Yahaya ya haɗa hannuwansa a ƙirji, Bitrus ya ware ido, hannu ɗaya a kan zuciya, fuskar mutumin da ya yi musun Ubangijinsa sau uku yanzu kuma aka ce masa kabarin ba kowa, bai san ko murna zai yi ko tsoro ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Duk tashin yana cikin waɗannan fuskoki biyu, kuma bai ƙara wa Linjila ko abu ɗaya da ba ta faɗa ba.

Yanzu maganar dattijonku. Kada ka ɗauke shi a matsayin wanda bai waye ba, domin yana tsaye ne a kan tsohuwar hujja. Fitowa 20:4 ta hana yin siffa a yi mata sujada. Taron limaman Elvira a Andalus, wajen shekara ta 306, ya ce kada a sa zane a bangon majami'a. A daular Rumawa ta Gabas an yi fiye da shekara ɗari ana wannan rigima, daga zamanin sarki Leo na Uku wajen 726 har zuwa 843, ana farfasa hotuna ana korar masu yin su. Taron Hieria na 754 ya kawo hujja mai kaifi: idan ka zana Almasihu, ko dai mutuntakarsa kaɗai ka zana ka raba ta da allahntakarsa, ko kuma kana da'awar ka kewaye allahntaka da layi, duka biyun kuwa kuskure ne. Wanda ya fi kowa amsa masu ƙin hotuna shi ne Yahaya na Dimashƙa, wanda ya rayu a ƙarƙashin mulkin Banu Umayya, mahaifinsa ma babban ma'aikaci ne a fadar halifa. Hujjarsa ita ce: a da Allah ba ya zanuwa domin ba a ganinsa, amma tun da Kalma, wato Almasihu, ya zama mutum aka gan shi aka taɓa shi, abin da ido ya gani hannu na iya zanawa. Taron Nikiya na biyu a 787 ya karɓi wannan, ya kuma raba girmamawa da bauta, ya ce bauta ta Allah ce shi kaɗai. Da gyaran ikilisiya ya zo Turai a ƙarni na 16, a hannun malamai irin su Zwingli da Calvin da Luther, tsohon mikin ya sake buɗewa. An kwashe hotuna daga majami'un Zurich a 1524 a ƙarƙashin Zwingli, Calvin ya ƙi su a wurin ibada, Luther kuwa ya bar su muddin ba a yi musu sujada ba, Katolika suka tabbatar da nasu matsayin a taron Trent a 1563. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) a Tsibiri da Danja da kewaye sun gaji farin bango da aya da gicciyen da ba kowa a kai, Katolika kuma suna da nasu gadon na hotuna. Wannan gicciyen da ba kowa a kai ma, ka lura, shi kansa shelar tashi ce.

Ni matsayina shi ne zane ya halatta, kuma Littafi ya nuna inda iyakar take. Allahn da ya ba da doka ta biyu, wadda ta hana yin siffa, shi ne ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari a Fitowa 25, ya kuma sa shi ya yi macijin tagulla a jeji. Amma da mutane suka fara ƙona wa macijin turare, sarki Hezekiya ya farfasa shi, 2 Sarakuna 18:4 ta kuma lissafa wannan cikin ayyukansa na kirki. Abu ɗaya ne, ya yi amfani a wani zamani, ya zama tarko a wani. Saboda haka ka je gidan dattijon da zanenka na takarda, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba ga abin da nake tunani, me ka gani. Bangon na jama'a ne, shi ma zai zauna a gabansa kowace Lahadi har ƙarshen ransa. Zanen da ya raba ikilisiya gida biyu ya yi ɓarnar da kyawunsa ba zai biya ba.

Game da fuska, babu inda Linjila ta faɗi tsayinsa ko launin fatarsa ko yanayin hancinsa. Da ya bambanta da sauran mutanen Galili a ido, da Yahuza bai buƙaci sumba ba don ya nuna shi. Augustine, ɗan Afirka ta Arewa, limamin Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya rubuta cewa kowa da irin fuskar da yake ƙagawa a ransa. Zanen farko sun nuna shi saurayi ba gemu, sau da yawa makiyayi da tunkiya a wuya. Mai gemu da dogon gashi ya kafu daga baya, kuma mafi shahara a cikin tsofaffin shi ne na gidan 'yan zuhudu na Dutsen Sina'i, na ƙarni na 6, wanda ɓangarorin fuskarsa biyu ba su yi daidai ba. Da yawa na karanta wannan a matsayin ƙoƙarin nuna mutuntaka da allahntaka a fuska ɗaya. Wanda kake gani a kalandar gidajenmu, mai laushin gashi da hasken fata, jikan zanen Warner Sallman ne, Ba'amurke, na 1940, wanda aka buga ɗaruruwan miliyoyi. Bai kai shekara ɗari ba, babu dalilin da zai sa ya zama mizani a kanka. Habasha sun yi ƙarnuka suna zana shi da manyan idanu da kamanninsu. A Faras ta ƙasar Nuba an tono zanen bangon majami'a a farkon shekarun 1960, har da limamai baƙaƙe. A arewacin Kamaru, daga 1973, Kiristocin ƙabilar Mafa sun riƙa wasan kwaikwayon labaran Linjila ana ɗaukar hoto, aka mayar da su zane sama da sittin, Yesu baƙin mutum cikin jar riga a tsakanin bukkoki. A Oye-Ekiti ta Najeriya, daga 1947, Fada Kevin Carroll ya yi aiki da masassaƙan Yarbawa irin su Lamidi Fakeye. Kowace al'umma ta kawo shi gida, Piero ma akwatin dutse irin na Italiya ya ba shi maimakon kogon da aka fafe a dutse. Ko ka ba shi kamannin Bayahuden Galili mai fatar da rana ta dafa, ko ka ba shi namu, duka suna da hujja. Abu biyu kawai zan hana ka. Kada ka ɗauki fuskar wani sananne a unguwa, domin jama'a shi za su riƙa gani. Kada kuma ka zana Allah Uba a siffar tsoho mai farin gemu. Yahaya 1:18 ta ce ba wanda ya taɓa ganin Allah, hujjar Yahaya na Dimashƙa ma ba ta kai can ba, taron Mosko na 1667 kuma ya hana.

Ka tuna da inda muke zaune. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa ƙwarai, ba sa zana annabawa, kuma a kan gicciye da tashi imaninsu dabam ne da namu. Wanda ya ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, lokacin da zanen izgilin wata jarida a Faransa ya jawo ƙona majami'u, ba sai an gaya masa nauyin hoto ba. Zanenka na ibada ne, wurinsa cikin ɗakin ibada, ba katangar da ke fuskantar titi ba. Wannan ladabin zaman tare ne, ba ɓoye bangaskiya ba.

Da ni ne aka ba wannan bango, matan zan zana, ukun da Markus ya ambata: Maryamu Magadaliya, da Maryamu uwar Yakubu, da Salome. Mai kallo yana cikin kabarin yana duban waje. A gaba, kusa da ido, dandamalin dutse da likkafani a kwance yadda aka bar shi, mayafin kai a naɗe gefe. Likkafani ba ya buƙatar bayani a Maradi; babu babban da bai taɓa ganin an naɗe nasa a ciki ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin an bar shi a kabari ba mai shi. A bakin ƙofar, matan uku da zane da mayafi, kowacce a wani mataki na ganewa: ta baya har yanzu tana rungume da tulun kayan ƙanshi, fuskarta ta zaman makoki ce, ta tsakiya ta sunkuya tana leƙe, hannu a baki, ta gaba ta riga ta juya, ƙafa ɗaya a sama, domin Markus ya ce sun fita da gudu suna rawar jiki. Ka ba hannuwansu lokaci fiye da fuskokinsu, daga bencin baya hannu ake fara karantawa. A bayansu, ta ƙofar, sararin asubar bazara mai hazo, da gawo ɗaya kore shar a cikin busasshiyar ƙasa, tunda Ista a tsakiyar rani take zuwa mana, lokacin da sauran itatuwa sun zubar shi kuwa yana da ganye. Dattijonku zai iya zama a gaban wannan da kwanciyar rai. Idan dattawa suka nace sai an ga Almasihu, to ka zaɓi haɗuwarsa da Maryamu a lambu ko da Toma, abin da aka rubuta, da tabon a hannu da ƙafa.

Sauran aikin bango ne. Farin fenti ba ya ba da haske shi kaɗai, duhun da ke kewaye da shi ne ke sa shi haskawa, don haka ka fara shimfiɗa cikin kabarin da ruwan ƙasa mai duhu da shuni, farin ya zo a ƙarshe kuma kaɗan, a likkafani da bakin ƙofa. Idan shafen siminti sabo ne, ka bar shi ya yi kamar wata ɗaya ya bushe, domin ɗanyen siminti yana cin fenti mai mai ya sa shi ɓarewa. Fentin ruwa marar ƙyalli ya fi maka. Mai ƙyallin nan na allunan shago zai riƙa mayar da hasken taga da na lantarki a idon jama'a. Ka ɗaga zanen sama da inda danshin damina ke kaiwa, ka kuma sa wani ya tsaya a mumbari kafin ka ja layin farko, domin kada fasto ya rufe likkafanin da jikinsa duk lokacin wa'azi. Ka raba takardarka gida-gida, ka raba bangon haka da zare da gawayi, ka kwafa gida bayan gida. Ka yi aikin da sassafe kafin kwanon rufi ya ɗauki zafi fenti ya riƙa bushewa a kan buroshi, kuma kowace rana kafin ka tashi ka je bencin ƙarshe ka zauna ka duba, daga nan ne yawancin mutane za su gan shi.